Sharhi: Kafin a yi mafarkin ƙera katalis, a fara iya gwada wanda ake sayowa

A duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da masana'antun takin zamani a ƙasar nan, abin da aka fi jin jami'ai suna lissafawa shi ne iskar gas, da wutar lantarki, da hanyoyin sufuri, da kuma kuɗaɗen musaya na ƙasashen waje. Da wuya a ji wani ya ambaci wasu 'yan ƙwayoyi masu launin ruwan ɗorawa, waɗanda girman kowace ɗaya bai wuce na gurjiya ba, alhali kuwa in babu su babu wata masana'antar da za ta iya fitar da ko da kwalba ɗaya ta asid ɗin farar wuta, wato sinadarin da jama'a suka fi sani da ruwan batir bayan an sirka shi da ruwa. Waɗannan ƙwayoyi su ne masana ke kira katalis.

Shi dai katalis abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai biyu ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Tamkar dillali yake a kasuwar shanu: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki a watse, shi kuwa yana nan zaune yana jiran na gaba. A masana'antar asid, ana ƙona farar wuta ne a samu hayaƙin da ake rubutawa SO2. Wannan hayaƙi sai ya ƙara haɗuwa da iskar oksijin ya koma SO3 kafin a iya tsotse shi a mayar da shi asid. To amma in an bar su su kaɗai, haɗuwar tana da nawa ƙwarai, ta yadda babu ɗan kasuwar da zai iya jiranta. Aikin katalis ke nan, kuma a yau kusan dukkan masana'antun asid na duniya sun dogara ne a kan iri ɗaya, wato wanda aka yi da tsatsar wani ƙarfe mai suna banadiyam, ko V2O5 a rubutun masana.

Dalilin da ya sa batun ya cancanci shiga shafin tattalin arziki a bayyane yake. Duniya na samar da asid ɗin farar wuta fiye da tan miliyan 250 a kowace shekara, kuma fiye da rabinsa yana tafiya ne wajen narkar da dutsen fosfat domin yin taki. Tun a ƙarni na 19 masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya ɗauki yawan asid ɗin da ƙasa ke amfani da shi a matsayin ma'aunin ƙarfin masana'antunta. A Nijeriya, da shi ake yin takin sufa, da shi ake yin alif ɗin da hukumomin ruwa ke tace ruwan famfo, tun daga Iju da Adiyan masu ba Legas ruwa har zuwa Tamburawa a Kano, shi ne kuma a cikin batirin kowace mota. Kamfanin takin sufa na gwamnatin tarayya da ke Kaduna, wanda ya fara aiki a 1976 da nufin fitar da tan 100,000 a shekara, an gina shi ne tare da sashen yin asid na kansa, kafin a sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2005. A rukunin masana'antu na Agbara a Jihar Ogun kuma akwai kamfanin Drury, mai yin asid da alif.

Idan aka yi la'akari da yadda harkar taki ta kasance a 'yan shekarun nan, za a ga ƙasar ta yi ƙarfi a ƙafa ɗaya ne kawai. Kamfanin Indorama na Eleme ya fara fitar da yuriya a 2016, na Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, aka buɗe shi a watan Maris na 2022, har ta kai Nijeriya tana sayar da yuriya a kasuwannin waje. Amma fosfat ɗin da ake haɗa takin kamfa da shi daga Maroko yake zuwa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a watan Disamba na 2016. Duk ranar da aka ce za a sarrafa fosfat a cikin gida, ko na Sakkwato ne ko wanda aka shigo da shi ɗanye, to asid za a fara nema, domin kowane tan na takin sufa yana cin fiye da sulusin tan na asid. Ranar da aka nemi asid da yawa kuwa, an nemi katalis.

Wannan ne ya sa wasu masu kishin ƙasa ke ganin ya kamata a kafa masana'antar ƙera katalis a gida, don a huta da kashe kuɗin waje. Niyyar mai kyau ce, to amma lissafin bai goyi bayanta ba, kuma akwai abin da ya fi ta gaggawa.

Yana da kyau a fara duba yadda ake yin abin, domin a nan ne ruɗin yake. A kan takarda, haɗin bai fi girkin tuwo wuya ba. Ana samun wata farar ƙasa marar nauyi mai suna dayatomait, wadda asalinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka taru a ƙarƙashin tafkuna shekaru aru-aru, cike take da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Sai a narkar da banadiyam a cikin ruwan sinadarin fotasiyam, a zuba asid, a kwaɓa da ƙasar har ta yi kamar ƙullu, a matsa ta cikin injin da ke fitar da ita kamar taliya, a yayyanka, a busar, sannan a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Banadiyam ɗin da ke ciki bai cika wuce kashi 5 zuwa 9 cikin 100 na nauyin ƙwayar ba. Ɗalibin jami'a mai ƙwazo zai iya yin cikin kofi guda a ɗakin gwaji cikin mako ɗaya.

Sai dai kuma abin da ke faruwa a cikin ƙwayar idan ta shiga aiki ya wuce abin da ido ke nunawa. Tun a shekarun 1940 masu bincike, ciki har da Haldor Topsøe da Anders Nielsen na ƙasar Denmak, suka tabbatar cewa a zafin aiki banadiyam da fotasiyam narkewa suke yi su zama ruwa mai kauri, ya shafe bangon ramukan ƙasar, kuma a cikin wannan ruwan ne ake yin cinikin hayaƙi da oksijin. Ita ƙasar soso ce kawai da ke riƙe da shi. Ma'anar haka ita ce, in ramukan sun yi ƙanƙanta ruwan ya toshe su, hayaƙi ya rasa hanyar shiga. In sun yi faɗi da yawa ƙwayar ta yi rauni, ta farfashe a ƙarƙashin nauyin 'yan uwanta. In zafi ya sauka ƙasa da digiri 400 ko kusa da haka, wani ɓangare na banadiyam ya daskare ya daina aiki. In ya haura 630 zuwa 650, ƙasar ta fara lalacewa. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne masana'anta ke rayuwa. Saboda haɗuwar kanta tana fitar da zafi, kuma zafi mai yawa yana hana ta kammala, akan shimfiɗa katalis ɗin hawa huɗu ko biyar a cikin hasumiya ɗaya, ana sanyaya hayaƙin tsakanin hawa da hawa. A hawa na farko yakan shiga da zafin digiri 420 ya fita da kusan 600, ya kuma gama kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Sauran hawan su ne ke wahalar tsince ragowar.

Ba a dare ɗaya aka kai ga wannan sani ba. Wani mai sayar da ruwan tsami a birnin Bristol na Ingila, Peregrine Phillips, ya yi rajistar dabarar tun 1831, da ƙarfen filatinam a matsayin katalis. Amma filatinam na da tsada, kuma ɗan ƙurar arsanik da ke cikin hayaƙi kan kashe shi, ta yadda sai a ƙarshen ƙarnin ne Rudolf Knietsch na kamfanin BASF a Jamus ya shawo kan matsalar tsabtace hayaƙin. Kamfanin na BASF ne kuma ya yi rajistar katalis na banadiyam a 1913, kuma kafin yaƙin duniya na biyu ya ture filatinam daga kasuwa. A 1964 kamfanin Bayer ya fara aiki da tsarin tsotse hayaƙi sau biyu, wanda ya ɗaga abin da ake juyawa daga kimanin kashi 98 zuwa fiye da kashi 99.5 cikin 100. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara sa sinadarin siziyam, wanda ke ba katalis damar kama aiki a zafin da ya gaza na da da digiri 20 zuwa 40. Siffar ƙwayar ma ta sauya, daga guntun sanda zuwa zobe, daga zobe zuwa mai kunnuwa kamar fure, duk don iska ta ratsa ba tare da injin hura ta ya sha wutar lantarki mai yawa ba. Kamfanonin da ke riƙe da kasuwar a yau, irin su Topsoe da BASF da MECS ta Amurka da wasu na ƙasar Sin, abin da suke sayarwa shi ne wannan tarin gogewa, ba ƙasa da gishiri ba.

To, nawa ne girman kasuwar da ake son a gina wa masana'anta? Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce lita 150 zuwa 200 na katalis ga kowane tan ɗaya na asid da masana'anta za ta fitar a rana. Wato mai fitar da tan 100 a rana tana bukatar abin da bai wuce lita 20,000 ba, nauyin da bai fi tan 10 ba, kayan da babbar kwantena ɗaya za ta kwashe. Kuma ba a sake shi kowace shekara. Hawa na farko ne ke shan ƙura, shi ake fitarwa a tankaɗe idan an tsayar da aiki don gyara, a cike gurbin abin da ya zube. Na ƙasa kuwa sukan yi shekara goma ko fiye suna aiki. Ko da an haɗa dukkan masana'antun asid na ƙasar nan, da ƙananan tukwanen da masu yin sinadarin garin sabulu ke amfani da su, abin da za su saya a shekara ba zai ciyar da masana'antar katalis na wata guda ba. Shi kansa banadiyam ɗin ma shigo da shi za a yi, domin ƙasashen Sin da Rasha da Afirka ta Kudu da Brazil ne ke fitar da kusan dukkansa, kuma farashinsa ba shi da tabbas: a 2018, da ƙasar Sin ta tsaurara ƙa'idar ƙarfen gini, ya ninka sau da dama cikin 'yan watanni kafin ya sake faɗuwa. Duk wanda ya tuna da masana'antun da aka gina a shekarun 1970 da 1980 ba tare da an tambayi wa zai sayi kayansu ba, ya san inda irin wannan hanya take ɓullewa.

Inda kuɗin yake a zahiri shi ne a cikin abin da katalis ke yi ko yake kasa yi bayan an zuba shi. A ɗauki wannan masana'anta mai tan 100 a rana. Tana ƙona kimanin tan 33 na farar wuta a kullum. Idan katalis ya gaji har abin da yake juyawa ya ragu da kashi ɗaya tak cikin 100, to an yi asarar tan ɗaya na asid a rana, wato fiye da tan 300 a shekarar aiki, sannan fiye da tan 200 na hayaƙin SO2 ya fita ta bututu ya sauka a kan rufin kwano da gonaki da huhun mutanen unguwa. Farar wutar da aka ƙona a banza kuwa da dala aka sayo ta, tun da ɗanyen man Nijeriya ba shi da farar wuta mai yawa da matatu za su ware. Wanda ya sayi farar wuta a tsakiyar 2022, lokacin da tan ya haura dala 400 kafin ya faɗo ƙasa da 100 cikin watanni kaɗan, ko kuma wanda ya nemi dala bayan an saki Naira a watan Yuni na 2023, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Har ila yau, idan ƙura ta toshe hawa na farko, injin hura iska ya ƙara shan wuta, kuma ƙarshenta dole a kashe masana'antar kafin lokacin da aka tsara. Tsayawar mako biyu na iya cin kuɗin da ya fi na katalis ɗin da za a cike.

A nan ne matsalar mai saye take. Ƙwayar da ke aiki sosai da wadda ta rasa rabin ƙarfinta kamanninsu ɗaya ne a tafin hannu. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan kasuwa tun a 1970, inda ya buga misali da tsofaffin motoci: mai sayarwa ya san abin da ke cikin injin, mai saye bai sani ba. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen tokumbo a Legas ya san dalilin da ya sa ake tafiya da makanike. Gaskiya ne manyan kamfanonin katalis sukan karɓi samfur daga abokan cinikinsu su auna, har su turo ma'aikata da na'urar auna hayaƙi hawa-hawa, kuma babu dalilin zarginsu da rashin gaskiya. Amma wanda ya auna shi ne wanda zai ba da shawarar a sayi sabo, kuma shi ne mai sayar da sabon. Ƙaramar masana'anta da ta ga tayi mai rahusa daga wani dillalin da ba ta sani ba, ba ta da makaniken da za ta tafi da shi.

Gwajin kuwa ba sihiri ba ne. Jigonsa shi ne ƙaramin bututu da ake zuba ɗan katalis a ciki, a sa a tanderu mai riƙe zafi daidai, a tura masa hayaƙin da aka san haɗinsa, misali kashi 10 na SO2 da kashi 11 na oksijin, a auna abin da ya fito. Akan yi haka a zafi biyu aƙalla, na sama da na ƙasa, domin katalis ɗin da ya yi kyau a digiri 480 yana iya zama gawa a 420, kuma a zafin ƙasa ne hawa na ƙarshe ke aiki, inda ake yanke hukuncin abin da zai fita ta bututu. Dole ne a bar samfurin ya jiƙu da hayaƙi na sa'o'i masu yawa kafin a yarda da sakamakon. Wanda ya yi gaggawa zai samu lamba mai daɗin ji, marar amfani. Bayan wannan akwai matsa ƙwaya har ta fashe don a san ƙarfinta, da jujjuya ta a cikin ganga don a ga yawan garin da take zubarwa, da auna faɗin ramuka, da kuma binciken abin da ya gurɓata ta. Shi wannan na ƙarshe yakan tona asirin masana'antar kanta: toka mai yawa na nuna ba a tace farar wuta da kyau ba, sinadarin fuloraid na cin ƙasar da ke riƙe da banadiyam, na kulorin kuma na kwashe banadiyam ɗin ya tafi da shi.

Akwai kuma abin da ya shafi yanayin ƙasar nan kai tsaye. Katalis na banadiyam yana shan laima kamar gishiri, kuma idan ya sha launinsa ya juya zuwa kore, ƙarfinsa ya ragu. Gangar da ta yi watanni a tashar jiragen ruwa ta Apapa a cikin damina tana jiran takardu, in murfinta ya ɗan buɗe, ba ita ce gangar da ta bar Turai ba. Haka kuma masana'antar da wuta ke ɗaukewa ba shiri, hasumiyarta ta huce da hayaƙi a ciki, tana lalata katalis ɗinta da hannunta. Idan rigima ta tashi tsakanin mai kaya da mai saye da kamfanin inshora a kan wa ke da laifi, takardar ɗakin gwaji mai zaman kansa ce kaɗai za ta raba gardama.

Wuraren da za su iya ɗaukar wannan aiki suna nan, ba sai an kafa sabuwar hukuma ba. Cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, tana Basawa a Zariya. Hukumar binciken albarkatun masana'antu, RMRDC, wadda aka kafa da dokar soja a 1987, aikinta ke nan na asali. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekaru yana aikin haɗa katalis na matatar mai daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, saboda haka akwai hannayen da suka san aikin. Abin da ya rage shi ne hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta fitar da ƙa'idar gwaji guda wadda kowa zai yarda da ita, a kuma ajiye wurin karɓar samfur kusa da Legas da Agbara, inda kayan ke sauka. Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa sayen na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi. Gwajin da ke ɗaukar kwana biyu ko uku ba ya jure ɗaukewar wuta ta minti goma, kuma tulunan hayaƙin da ake daidaita ma'auni da su suna ƙarewa, sai an sake saye. Ɗakin gwajin da ba ya karɓar kuɗin aiki daga masana'antu, yana riƙe wani kaso don gyara, zai zama ɗakin ajiyar na'urori masu ƙura a cikin shekara uku.

Masu ra'ayin ƙerawa a gida suna da hujja guda mai ƙarfi, wato dayatomait ɗin da ke Bularafa a Jihar Yobe. Fiye da rabin nauyin kowace ƙwaya wannan ƙasa ce. Amma ba kowace dayatomait ce ke yin katalis ba. Sai mai ƙarancin ƙarfe da yumɓu, mai ramuka daidai gwargwado, kuma wadda halinta ba ya sauyawa daga rami zuwa rami. Hanyar da za a san matsayin ta Yobe ita ce a wanke ta, a haɗa katalis da ita, a sa shi a bututun gwaji ɗaya da na waje, a kwatanta lambobin. In ta ci jarrabawa, to an samu abin sayar wa kamfanonin duniya, wanda kasuwarsa ta fi ta cikin gida girma nesa ba kusa ba, ban da masu tace giya da man girki da ruwa da ke sayen irin wannan ƙasa. In ta faɗi, an yi asarar kuɗin bincike ne kawai, ba na ginin masana'anta ba.

Sai kuma batun tsohon katalis da aka fitar. Ƙurar banadiyam tana cutar da huhu, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa V2O5 cikin jerin abubuwan da ake zaton suna iya haddasa cutar. Ƙasar da ta ga abin da ya faru a garin Koko a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya, har ta kafa dokar hana zubar da shara mai guba a shekarar, bai kamata ta bar irin wannan gari a bayan katangar masana'anta ruwan sama na wanke shi zuwa rafi ba. A wasu ƙasashe akan sayar da shi ga masu ciro banadiyam domin masana'antun ƙarfe, kuma farashin da suke biya ya dogara ne a kan yawan banadiyam ɗin da ya rage a ciki. Hukumar kare muhalli ta NESREA za ta iya wajabta wa kowace masana'anta ta nuna takardar auna tsohon katalis ɗinta da inda ta kai shi kafin a sabunta mata izini, kuma ɗakin gwajin da ya auna sabon da aka shigo da shi ta Apapa shi ne zai auna tsohon da za a fitar.